Hanyar da Sannu-Sannu Ya Shimfiɗa a Gadon Asibiti

Sannu-Sannu ake kiransa a tasha, kuma sunan ya bi shi har ya danne nasa na asali. Direban doguwar bas ne, ya haura shekara talatin yana bin hanya ɗaya tsakanin garuruwa biyu, ya tafi da safe ya dawo da yamma. 'Yan uwansa direbobi kan wuce shi suna danna masa hon, kwandastansu ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ko mu sauko mu tura ka ne?" Shi dai sai ya ɗaga musu hannu. Masu sauri ba sa shiga motarsa. Amma mata masu goyo da tsofaffi da masu kai ƙwai kasuwa, zama suke yi a benci su jira shi, ko da wasu motocin sun cika sun tashi a gabansu.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ɗauka zaman mota ne. Sai da takalmi ya ƙi shiga sannan ya je asibiti. Likita ya ce ƙodojin nan biyu sun gaji, sai dai a riƙa wanke masa jini da inji. Ranar da ya miƙa makullin mota, bai tsaya sallama da kowa ba, ya bi ta bayan tasha ya fita.

Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a gari mai nisa. Ƙanensa, mai sayar da kayan gini, shi ya ce, "Yaya, ka dawo wurina, ba za ka zauna kai kaɗai ba." Aka share masa ɗakin bakin ƙofa inda ake ajiye kaya. Katifa ce da fanka, sai kwalayen tayil da aka tura lungu aka ce za a kwashe, ba a kwashe ba. Tagar tana kallon katangar maƙwabta. Matar ƙanen mutuniyar kirki ce, takan kawo masa abincinsa marar gishiri da ɗan ruwan da likita ya yarda ya sha, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ya jikin?" Kafin ya gama amsawa an ƙwala mata kira daga ciki. Ba wanda ya wulaƙanta shi a gidan. Kowa dai yana da abin yi ne, ban da shi.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, gadaje a jere, kowane da injinsa a gefe yana ƙara. Ana soka wa mutum allurai biyu a hannun hagu, a ce kada ya motsa shi har a gama, kuma ba a gamawa sai an cinye rabin yini. Wasu barci suke yi, wasu su zuba wa silin ido. Sannu-Sannu yana cikin masu kallon silin, har aka haɗa shi gado kusa da Baɗi.

Baɗi mai gyaran waya ne, bai kai arba'in ba, ciwo ya ramar da shi amma bai taɓa bakinsa ba. Kullum yana zuwa da wata na'urar wasa ta hannu, mai allo a tsakiya da madannai hagu da dama. Yakan ɗora ta a kan matashi bisa gwiwa, hannun dama kaɗai ke tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Ma'aikatan ɗakin ne suka sa masa wannan suna, don ba ya buɗe baki bai ce baɗi ba.

"Kawu, ka ga wannan?" in ji shi ranar farko, ko gaisawa ba su gama ba. "Baɗi in suka fito da sabuwa, wannan ta zama tarkace. Siririya za a yi ta kamar biskit. Batir ya wuni ya kwana bai mutu ba. Kuma za ta rabu biyu, ka riƙe ɓari ɗaya a tafin hannu ka yi komai. Mu aka yi wa ita, Kawu, mu masu hannu ɗaya."

Nas ɗin da ke duba injin ta ce, "Bara ma haka ka ce."

"Bara kayan haɗi ne suka yi musu ƙaranci, Sista. Ki rubuta ki ajiye."

Sannu-Sannu bai san komai game da waɗannan abubuwa ba, amma ya daɗe ba a yi masa doguwar magana ba, sai ya bar shi yana ta zuba. Da Baɗi ya ji tsohon direba ne, ya miƙo na'urar ta tsakanin gadaje. Gem ɗin tseren mota ne. Tsoho ya karɓa, ya danna totur a hankali, motoci suka yi fuu suka bar shi a baya. Shi ya zo na ƙarshe, amma ko fenti bai goge ba.

"Wanda ya yi hanyar nan bai taɓa riƙe sitiyari ba," ya ce yana mayar da ita. "Kwana ba alama, gada a sararin sama. Ina ake yin haka?"

"To ai ba kamfani ne ya yi ta ba, wani ne kamar ni da kai, a ɗakinsa. Kowa yana iya yin tasa ya ɗora, duniya ta shiga ta tuƙa. In ba ta yi maka ba, yi taka."

Ya nuna masa wurin. Fili ne fetal, sai ka ja yatsa kwalta ta biyo ka. Kana iya ɗaga ƙasa ta zama tudu, ka dasa itace, ka haƙa rafi. Sannu-Sannu ya ja yatsa ya yi gangara, ya karya ta dama, ya tsaya yana kallo. Gangarar da ke bayan tasha ce, wadda yakan sauka da giya ta biyu. Ranar nan har aka zo cire masa allurai bai san lokaci ya yi ba.

Da suka sake haɗuwa, Baɗi ya zaro wata tsohuwar na'ura daga jaka, allonta ya tsage a kusurwa. Ya ce a shago ya haɗa ta daga matattu guda biyu, ba mai sayenta. "Riƙe, Kawu, kafin sabuwar ta fito."

Daga nan ɗakin bakin ƙofa ya samu aiki. Da safe in gida ya watse, yara sun tafi makaranta, ƙanen ya tafi shago, sai ya jingina da kwalayen tayil ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya yi gadar da mota biyu ba sa giftawa a kanta. Ya yi kwanar makarantar firamare inda yake rage gudu ko ranar hutu ce. Ya dasa itacen nan da ya karkato kan hanya yana shafar rufin bas. Gem ɗin ba shi da mutanen da za a tsayar a gefen titi, don haka a inda mata masu ayaba ke zama, sai ya jera 'yan robobin nan masu tsini da ake tare hanya da su, kowace ya san wadda take wakilta. Akwai wata mararraba da ya ɓata kwanaki a kanta, ya yi ya rushe, ya yi ya rushe. A nan ne wata budurwa ta taɓa tsayar da shi da kwali a ka, ta shiga ta zauna a bayansa tana yi masa faɗa wai ya makarar da ita. Ita ce ya aura. Bai gaya wa Baɗi wannan ba.

'Yarsa ta kira wata rana, ya fara ba ta labari da zumuɗi, yana tambayarta ko ta tuna gadar da take rufe ido in za su hau. Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai da gem? To Allah ya ba da sa'a. Kana dai shan magani ko?" Jaririnta ya fashe da kuka, ta ce za ta sake kira.

Da hanya ta kammala, Baɗi ya ɗora ta a intanet. Kowane zuwa asibiti sai su duba. Mutane ƙalilan ne suka shiga, yawancinsu kuma kafin gada sun fita, don hanyar doguwa ce, ba tsalle ba wuntsila. Wani daga wata ƙasa ya bar saƙo, Baɗi ya sa waya ta fassara, sannan ya kife wayar.

"Faɗi mana," in ji tsoho.

"Wai barci ya ɗauke shi, Kawu."

Tsoho ya yi dariya har injin ya yi ƙara, nas ta taso tana cewa ya daina motsa hannu. "Ai fasinjojina ma barci suke yi," ya ce. "Shi ya sa suke jirana."

Baɗi kaɗai ya kai ƙarshenta. Ya faɗa wani rami bayan kwanar makaranta, ya sake faɗawa, ya juyo a fusace. "Haba Kawu! Kai ke da kwalta a hannu, me ya kai ka sa rami?"

"Ba ni na sa shi ba, ɗana. Can na same shi."

Haka suka ci wata da watanni. Sai gwaji ya nuna ƙodar yayar Baɗi ta dace da shi, ita kuma ta ce ta ba shi. Ranar wankinsa na ƙarshe ya zagaya gadaje yana sallama, ya zo kan Sannu-Sannu ya riƙe masa hannun dama ya ce duk mako sai ya leƙo. Aikin dashen ƙodar ya yi kyau. Ya kira daga gadon jinya, ya sake kira bayan an sallame shi. Daga nan sai tsoho ne ke kira, wani lokaci a ɗauka cikin hayaniya a ce, "Kawu, bari in sallami wani." Sannu-Sannu bai ga laifinsa ba. Ya san mutumin da ya tsira daga ɗakin nan ba zai so ko warinsa ba. Aka kawo wani dattijo gadon, mai rufe fuska da tawul daga farko har ƙarshe.

Wata safiya wani dogon rubutu ya fito a allon. Sannu-Sannu ya kai wa nas ta karanta masa. Kamfanin ya ce sabuwar na'ura ta fito, don haka za a rufe wurin da masu tsohuwar ke ɗora hanyoyinsu.

Ranar da ba shi da wanki ya shiga motar haya ya nufi kasuwar 'yan waya. Ya sha tambaya kafin ya samu shagon, wani ɗan lungu mai kanta ta gilashi da fitila mai lanƙwasa. Da ƙyar ya gane Baɗi. Ya yi kumatu, ya yi haske, hannayensa biyu suna aiki a cikin wata waya da aka feɗe.

"Kawu! Kai ne da kanka? A ba Kawu kujera!"

Aka ba shi kujera. Sabuwar na'urar tana cikin gilashin, ta fi tsohuwar girma da kauri. Sannu-Sannu ya nuna ta da haɓa. "Ita ce biskit ɗin?"

Baɗi ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ai share fage ce. Ta gaba ce maganar, ita ko allo ba za ta yi ba, tabarau za ka sa." Ya juya ga wasu samari da ke jingine da kanta ya ci gaba da yi musu bayani, suka shiga musu. Tsoho ya jira har ya samu tsakani, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ko akwai yadda za a ɗauke hanyar a mayar cikin sabuwa?

Baɗi ya karɓi na'urar ya dudduba, ya girgiza kai. "Ba ta ɗaukuwa. Amma ba za ta ɓace ba, tana nan cikin taka. Kai za ka riƙa shiga, wani ne dai ba zai iya ba." Ya juya bayanta ya latsa. "Batir ɗin nan ya fara kumbura, kuma an daina yin irinsa. In na samu a wata matacciya zan kira ka." Wata mata ta turo waya ta kan kafaɗar tsoho tana cewa tun jiya ta ƙi caji. Sannu-Sannu ya miƙe. Baɗi ya ce a gaida su Sista, idonsa na kan wayar matar.

A hanyar dawowa ya zauna a kujerar baya. Direban yaro ne mai taka birki kamar yana jin haushinsa. Tsoho ya riƙe kujerar gabansa.

Aka rufe wurin kamar yadda aka ce. Batir ya ci gaba da lalacewa, har ta kai na'urar ba ta kamawa sai tana jone da wuta. A ɗakin wanki kuwa duk soket ɗin da ke kusa da gadaje na injuna ne, ba a yarda a taɓa su ba. Guda ɗaya ne ya rage, can ƙarshen ɗaki bayan ginshiƙi, kusa da gadon da kowa ke gudu don ba a ganin talabijin daga can, ba a kuma jin hirar mutane. Sannu-Sannu ya roƙi nas ta mayar da shi wurin.

"Baba, can fa ba kowa," ta ce. "Ko kira ka yi sai an daɗe kafin a ji."

Ya ce ya sani. Ta dube shi, ta ɗauki matashinsa da bargonsa ta yi gaba, ya bi ta a baya yana naɗe wayar caja a hannu. Har yanzu a can yake kwanciya.