Kafofin Iskar da Yaya Ilu Ya Roƙa

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana, Ilu magini, kuma har yau ba na shiga babban masallacin Juma'ar garinmu ban ɗaga kai sama ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, tsohon masallacinmu na ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, har sahu kan kai bakin hanyar Sandamu. Mahaifinmu ne ya gina shi, da azara da bakan gizo, cikinsa sanyi kamar randa. Aka kafa kwamiti, aka ba ni sakatare, ina ji da ɗan bokona. Yaya Ilu ya ce a faɗaɗa shi kawai, kada a rushe. Na ce masa, a gaban dattawa, zamanin laka ya wuce. Magana zarar bunu ce, kuma da hannuna na rubuta takardar rushewar.

Injiniya ya zo daga Kano da zanensa: koriyar ƙubba, hasumiya biyu, tagogin gilashi da ba a buɗewa, wai na'ura za ta sanyaya ciki. Yaya Ilu, wanda magina ke durƙusa wa, ya shiga aikin a matsayin lebura, yana ɗaukar kwanon siminti. Kullum sai ya roƙi injiniyan ya bar kafofi a saman bango. Da mutumin ya gaji da naci, ya bar masa jeri ɗaya a bangon gabas. Na yi wa Yaya Ilu dariya. Abin da ya ce mini ke nan: "Audu, wuta ta gwamnati ce, iska ta Allah ce."

Na san na ɓata masa. Na yi ta cewa bari a gama hidimar buɗe masallaci in je in ba shi haƙuri. Ciwon ƙirji ya riga ni, ya ɗauke shi. A harabar sabon masallacin, tsakanin tarin bulo da yashi, muka sallace shi, kuma ita ce sallar farko da aka yi a wurin.

Da zai leƙo yau, na san zai yaba ƙubbar, domin ba shi da ƙyashi. Na'urorin kuwa sun daɗe da mutuwa. In aka ɗauke wuta a tsakiyar huɗuba cikin bazara, sai ka ga tsofaffi suna jan jiki zuwa bangon gabas. Ba su san wanda ya roƙa musu wannan iskar ba, sunansa ma ba ya cikin allon da muka kafa a ƙofa. Nawa yana nan, na uku.

Ni ma can nake zama yanzu. Ban samu na roƙi gafararsa ba, wannan kuwa yana ci mini rai. Amma duk Juma'a iskar nan takan sauko, ba ta taɓa tsallake ni ba. Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya sanyaya makwancinsa.