Auta da Mutum Uku Daga Gida Ɗaya

Autarmu ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun tana ƙarama. Inna kan ce ko abinci a tsaye take ci, kamar wadda direba ke danna wa oda a ƙofar gida. Da ta gama karatun likita aka kai ta sashen gaggawa, muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama: a ɗinke wannan, a tura shi gaba, a karɓi wancan. Shi ya sa muka yi mamaki da ta ce ta nemi horon ƙwarewa na likitan iyali, har an ɗauke ta. Wai ta gaji da ɗinke mutanen da ba ta sake jin labarinsu.

Baba ya sauke tabarau ya dube ta. "Likitan iyali? To sauran likitocin marayu suke dubawa?"

Horon bai bar ta ta huta ba. 'Yan watanni a ɗakin yara, sai ɗakin haihuwa, sai wajen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Kafin ta gane inda ake ajiye almakashi an ɗauke ta an kai wani wuri. Ga jarrabawa a gaba. In ta kira ni a waya, ƙarar takalminta nake fara ji kafin muryarta. Amma duk wannan bai dame ta ba kamar ranakun ganin marasa lafiya masu zuwa su koma gida: ɗan ƙaramin ɗaki, tebur, kujera biyu, gado a bayan labule, da Babbar Likita mai horar da su zaune a lungu, ba ta cewa uffan sai mutum ya fita. Sannan a sanyaye take gaya mata cewa tana rubuta magani tun mai ciwo bai gama gyara zama ba. Auta ta zo gidana tana safa da marwa a tsakar ɗaki, ta ce ita kam za ta koma gaggawa, can ba a hira da jini.

A cikin wannan hali ne wata mata mai ciwon baya ta yi ta dawo mata. Magani ya ƙare, ciwo na nan. Akwai kuma wata tsohuwa da hawan jininta ya ƙi sauka, da wani malamin makaranta da ba ya samun barci. Daban-daban take ganinsu, kowa da ranarsa. Wata safiya ta leƙa wurin jira don kiran na gaba, ta ga mai ciwon bayan tana gyara wa tsohuwar mayafi.

"Mama, 'yarki ce?"

"Matar ɗana ce. Ai kin san shi, malamin nan da kike ba ƙwayar barci."

Auta ta shigar da su tare, ta rufe ƙofa. Ta tambayi matar abin da take ɗagawa mai nauyi. Matar ta dubi surukarta tukuna, kafin ta ce, "Baba nake ɗagawa."

Ashe maigidan tsohuwar, tsohon kafinta, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara. Asibiti ya sallame shi, ba wanda ya nuna musu yadda ake jinyarsa. Matar ɗan ce ke juya shi da rana, ɗan ya karɓe ta in ya dawo aiki, tsohuwa kuwa tana zaune a bakin gado tana kallon numfashinsa, ta mance da nata maganin.

Auta ta nemi izini ta je gidan tare da mai gashin ƙashi. Ta ce ɗakin a sama yake, matakala siririya, tagar ma an rufe ta don tsoron sanyi. Suka buɗe taga, suka duba gyambon da ya fara fito masa a ƙugu, suka nuna musu yadda mutum biyu za su juya shi da zanen gado ba tare da an karya baya ba. Tsohon yana ta nuna ƙafar gadon da hannunsa mai lafiya, sai daga baya ta gane so yake a san shi ya ƙera shi.

Da lokacin sauya mata sashe ya zo, ta tsaya kai da fata sai an bar mata mutanen nan. Babbar Likita ta yarda, da sharaɗin ta riƙa ganinsu bayan ta gama aikin sabon sashen. Haka ta yi ta zirga-zirga tsakanin gini biyu. Tsohon bai sake tafiya ba, amma ya kai ga zama a kujera yana cin abinci da kansa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Jinin tsohuwa ya sauka. Malamin ya daina shan ƙwaya.

Yanzu Auta ta gama horo, tana wani ƙaramin asibiti a gefen gari. Matar malamin nan ta biyo ta can da ciki. Rigimar da Auta take yi kwanan nan da shugaban asibitin ce: tana so a ware mata rana guda ta zagaya gidajen waɗanda ba sa iya zuwa, shi kuma ya ce babu mota. Jiya ta zo ta ari tawa, ba ta faɗi ranar dawowa da ita ba.