Mabiyiya a Cikin Kula

Har gobe ba zan manta da wata Talata cikin kaka ba, ina ma'aikaciyar jinya a sashen ido na wani asibiti a yankin Funtua. Aka kawo Malam Dauda, manomi daga Kafur. Karan dawa ya soke shi a ido, ya yi kwana goma yana ɗiga maganin gida har tantanin da ke rufe baƙin idon ya huje, ruwa na tsiyaya. Ɗaya idon tun yana yaro ya mutu.

Likitan idonmu baƙo ne, watansa biyu da zuwa, ba ya son magana. Ya ce zai yi wa hujin faci ya manne da gam. A raina na ce ido ne ko tayar keke? Da azahar kuma na gan shi ya fito daga ɗakin haihuwa da mabiyiya a cikin kula. Mu kuwa mun san binne ta ake yi. Na ja matar Malam Dauda gefe na ce ni dai hankalina bai kwanta ba. Kafin la'asar sun tattara sun tafi.

Washegari Sista Rahila, shugabar ma'aikatan jinya, ta kira ni ofis. Ta nuna mini takardar amincewar mai jegon da ta ba da mabiyiyar, da sakamakon gwajin jininta. Ta bayyana mini cewa siririn tantanin mabiyiyar ake wankewa a shimfiɗa kan hujin, gam ɗin kuma daga sinadarin jini ake yin sa.

"Hajiya Binta, me ya hana ki tambaye ni?"

Kunya ta rufe ni. Na hau acaɓa har ƙauyensu, amma sai da na yi sawu biyu kafin su yarda su dawo, don maganata ta farko ta fi ta biyun shiga. Ranar Juma'a aka yi aikin. Idon bai tsiyaye ba, sai dai inuwar mutum kawai yake gani. Likitan bai taɓa ce mini kwana ukun nan ne suka jawo ba, ni ma na kasa tambaya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku ma'aikatan asibiti, zargin da ya fito daga bakin mai farar riga ba irin na kowa ba ne, majiyyaci ɗaukarsa yake kamar umarni. Duk kaka Malam Dauda kan aiko mini da masara, wai ni ce na bi shi har gida. Ban taɓa iya ci ba.