Jar Kwalba da Hawan Rafi

Ni mutum ne mai taurin kai, kowa a gidanmu ya sani, ni ma ban taɓa musu ba. Abin da ban sani ba shi ne taurin kan mutum na iya cin naman wani, sai a kakar bara waccan, lokacin da nake jan tsohuwar a-kori-kurar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yaya. Shi ne manomi, ni ne direba. Ya noma masara da waken suya a gonarmu ta bayan Ƙarfi, ni in kwaso in kawo Malumfashi, ranar kasuwa kuma in yi Funtua da kayanmu da na mutane. Yaya ƙato ne, mai yawan dariya, kuma tun muna yara ba shi da abin tsokana sai ni. In yana so ya ga na kumbura sai ya ce mini "Malam Direba".

A farkon kakar nan motar ta fara wani ciwo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take tafiya, amma da ta ga hawa sai ta fara fizga tana shaƙewa, kamar wanda ya haɗiyi tuwo ba ruwa. Na kai ta wurin bakanikenmu, wani dattijo da ya san motar tun tana hannun mahaifinmu. Ya sa na taka totur, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Mai ne ba ya isa inji. Ka bar mini ita zuwa la'asar, in duba filta in wanke tanki."

Zuwa la'asar! A tsakiyar kaka, ana rububin mota kamar ruwan sha? Na ce masa zan dawo. Ya ce, "Allah Ya dawo da kai da ƙafarka." Har yau in na tuna wannan addu'a sai jikina ya yi sanyi.

A tasha kuwa, tun da mai ya yi tsada, kowa ya zama masanin mai. Wannan ya ce na gidan mai kaza ja-ja ne kamar shayi, shi ke da auki. Wancan ya tsoma yatsa a jarka ya hura, ya ce in ya bushe da wuri shi ne mai kyau. Ana cikin wannan musu wani mai sayar da kayan mota ya ja ni gefe ya nuna mini wata 'yar jar kwalba. Ya ce in na juye ta a tanki za ta ɗaga oktan ɗin man, ya koma irin wanda manyan motocin masu kuɗi ke sha. Ya ce, "Alhaji, matsalar motarka yunwa ce. Ba ta abinci mai maiƙo ka ga aiki." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na karɓi Alhajin na karɓi kwalba biyu.

Na juye ɗaya, na jefa ɗaya bayan kujera. Washegari da sanyin safiya na hau kwalta na nufi Funtua, motar ba ko buhu ɗaya a bayanta. Kai! Wallahi ji na yi tana tashi sama. Na riƙa wuce masu babur ina danna musu oda. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko da ma can ta taɓa gazawa a kan kwalta ba kaya. Abin da nake so in ji, shi na ji.

Da na dawo har garejin na biya don in yi wa dattijon gori. Ya juya kwalbar da ba komai a hannunsa, ya ce, "Ɗana, oktan ba ƙarfi ba ne. Haƙurin mai ne. Akwai injin da ke matse mai sosai, shi ke buƙatar man da ba zai kama wuta ba sai lokacinsa ya yi. Naka tsoho ne, man gidan mai ya ishe shi har ya yi saura. Maƙogwaronta ne a toshe. Mai ciwon maƙogwaro ko farfesun kaza ka ba shi, ta ina zai wuce?"

Na ce, "Baba, ni da na tuƙa ni na ji."

Ya ce, "To, ji da kyau."

Yaya ma da na ba shi labari dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam Direba, a sammana kwalbar nan mu zuba wa jakin maƙwabta, ko ya zama doki." Na yi fushi na tashi na bar masa tabarmar.

Ranar Juma'a muka tafi gona mu biyu don kwaso sauran masara. 'Yan ƙwadago sun gama tun jiya, kuma shekarun nan ba mai son daɗewa a daji, don haka muka yi niyyar mu loda mu fito kafin a tafi masallaci. Tsakanin gonar da Ƙarfi akwai rafi. In za ka shiga, gangara ce mai daɗi. In za ka fito, hawa ne mai tsayi, ga zaizayar ruwa ta cinye gefensa.

Da hantsi mun gama lodi. Yaya ya ce bari ya gyara tarin waken suya da ke gefe kada raɓa ta ɓata shi. Ina ɗaure buhuna na ji ya yi salati da wata murya da ban san yana da ita ba. Na diro na tarar da shi zaune a ƙasa riƙe da ƙwaurinsa na dama, ga wata ƙatuwar kasa tana jan jiki tana komawa ƙarƙashin tarin ba ko gaggawa.

Abin da muka tashi muka ga ana yi, shi na yi. Na kwanto robar ɗaure kaya na ɗaure masa ƙafar a ƙasan gwiwa, na ja iya ƙarfina don kada dafi ya hau. Na ce masa, "Yaya, daure. Yanzun nan za mu kai asibiti." Har cikin raina haka na ɗauka. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Na cicciɓe shi na sa a gaba. Yana haɗa gumi, amma ya ce, "Ƙafar nan dai, ka ji? Manomi ba ƙafa ai sai bara. Ka kai mini ita."

Muka gangara rafin, muka ratsa yashi, na sa giya ɗaya na taka totur har ƙasa. Ta kama hawan da zuciyarta, ta kai tsakiya, sai ta fizga. Ta sake fizga. Na ce, "A'a, a'a, kar ki yi mini haka." Ta yi tari biyu ta mutu, muka dawo da baya har cikin yashi.

Na tayar, na sake gwadawa. Wannan karon ko tsakiyar ba ta kai ba.

Na fita kamar mahaukaci na hau baya na yanke igiya, na riƙa turo buhunan masara suna faɗuwa cikin yashi, wasu na fashewa. Noman shekara guda, ko kallonsa ban yi ba. Na dawo na murɗa makulli. Ta yi gurnani ta kama, na taka, ta mutu. Na ciro waya, ba sabis ko ɗigo a cikin kwarin nan. Na hau gaɓa da gudu na ɗaga wayar sama ina juyawa, shiru. Na ƙwala kira gabas da yamma, ba kowa, duk an tafi Juma'a.

Sai na tuna da kwalba ta biyu. Kunya nake ji in faɗa, amma zan faɗa. Na zaro ta daga bayan kujera, na yi bisimilla na juye ta a tanki kamar mai ba majinyaci rubutu. Har girgiza motar na yi don ya gauraya. Ina roƙon Allah, ina roƙon mota, ina zagin mai kwalba, duk a numfashi ɗaya. Na murɗa makulli har batir ya fara ja da ƙyar. Ba ta ko yi tari ba.

Na buɗe bonet na tsaya ina kallon inji. Shekaru ina tuƙi, ashe ban san inda filtar take ba. Kullum dattijon ke taɓa ta, ni ina gindin bishiya ina shan rake ina surutu.

Da na koma wurin Yaya ƙafar ta kumbura ta yi suntum, ƙasan robar ya fara baƙi. Ya ce, "Sassauta mini ɗaurin nan, don Allah. Ba na jin yatsuna." Na ce ba zan sassauta ba, dafin zai tafi zuciya. Ya roƙe ni da girman iyayenmu. Na ƙi, ina kuka na ƙi. Ya dube ni idonsa jawur, ya yi ƙoƙarin murmushi ya ce, "Malam Direba, dokin naka ya gaji ne?" Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na goya shi. Na riga na faɗa, Yaya ƙato ne, ni kuwa ba wani jiki gare ni ba. Hawan da mota ta kasa, da gwiwa da hannu na hau shi, yana nishi a kunnena. In na yi tafiya kaɗan in faɗi, in tashi in sake ɗauka. Rana ta take, maƙogwarona ya bushe, har na daina addu'a da baki. Muna jin kiran sallar Juma'a can nesa daga Ƙarfi, sama-sama, iska na kawowa tana ɗaukewa. Ban taɓa jin gari ya yi mini nisa irin na ranar ba.

Sai bayan an sauko daga masallaci Allah Ya jefo mana wani mai babur da zai koma rugarsu. Bai tambayi komai ba, ya juya. Muka sa Yaya a tsakiya, na rungume shi ta baya, ƙafar na reto. Ba mu shiga asibiti ba sai da aka yi la'asar.

Ma'aikatan sun yi iya yinsu, Allah Ya saka musu. Aka yi masa allurar dafi, aka kwance robar. Likitan ya tambaye ni tun yaushe aka ɗaure, na faɗa masa. Ya ce ba a ɗaure saran maciji haka, kuma da mun iso tun hantsi da akwai magana. Kwana shida suna fama da ƙafar. A na bakwai aka yanke ta daga gwiwa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai na ga inda ba haka aka yi ba. Ni na ja, amma Yaya ruwan ya doka.

Bayan mako biyu aka jawo motar zuwa gareji. Dattijon bai ce mini "na faɗa maka" ba, kuma na so ya ce. Ya sa hannu gefen inji ya ciro wani ɗan abu da bai fi kofin shayi ba, ya kafa baki ya hura. Jan laka da tsatsa suka fito suka zuba a ƙasa. Ashe ita ce filtar. Ya ɗauko sabuwa a cikin akwatinsa ya ɗaura, ya haɗa batir, ya ce, "Tayar mu ji." Bugu ɗaya ta tashi. Duk aikin bai kai a sha shayi a ajiye kofi ba. Na kifa kaina a kan sitiyari, injin na ta aiki lafiya lau, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Har yau direbobi na tambayata a tasha ko man nan mai oktan na ƙara wa mota ƙarfi. Nakan ce su je su duba filtarsu. In mutum ya cika musu sai in tashi in bar wurin, don na san halina.

Yaya bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. In na ɗauko zancen sai ya ce ƙaddara ce, in rufe masa baki. Amma tun daga ranar bai sake kirana Malam Direba ba, kuma ba abin da nake so in ji kamar wannan.

Yanzu 'yan ƙwadago ke noma gonar, ni nake kai shi ya zauna a inuwa ya duba aiki, sandunansa a gefe. Da damina ta bana muna dawowa, muka gangara rafin nan, ya yi shiru kamar yadda yake yi kullum in mun zo wurin. Na sa giya ɗaya. Motar ta haye sumul, ba fizga ba tari, da man gidan mai irin na kowa a cikinta. Da muka kai sama sai ya dafa inda gwiwarsa ta ƙare, yana kallon waje ta taga, ya ce, "Ka ga, yau ta hau."