Ranar da Kumandan Ya Soke Buhun Ɗakin Kiɗa

Akwai wata la'asar a Gazawa da ba ta fita raina har in bar duniya. Lokacin an buɗe siyasar jam'iyyu da yawa, kowa na zargin kowa, ko taron suna ka yi sai an tambaya na wace jam'iyya ne.

Maigidana malamin lakol ne, wato makarantar boko, duk gari Mushe ake ce masa irin na Faransanci, har ni. Ba ya shan taba, ba ya zaman hira, amma a kan kiɗa ba shi da haƙuri. Ya tsallaka iyaka ya sayo wata ƙatuwar rakoda da akwatunan sauti biyu, ya haɗa su da batirin mota a ɗakin da ke kusa da zaure. Ɗakin siminti ne, rufin kwano. Yana kunnawa sai goge ya koma kamar kukan akuya cikin rijiya.

"Kin ji?" ya ce mini. "Sautin bango yake duka ya dawo. Sai an ba shi abu mai laushi ya sha."

Ni ban ji komai ba, amma kafin mako ya zagayo tabarmina sun hau bango, bargon aurena ya rufe taga, tsohuwar katifa ta tsaya bayan ƙofa. Ya ce saura kusurwoyi, nan ne ƙarar ganga ke taruwa. Ya sa aka kawo masa buhuna cike a amalanke, ɗinkakku, ya jera su har rufi. Ban tambayi abin da ke ciki ba.

Gaskiya ɗakin ya gyaru. Abokansa malamai kan shiga su rufe ƙofa, ko tari ba a ji daga waje. Nan fa magana ta tashi. Wasu suka ce jam'iyya ake kafawa a ɓoye, wasu suka ce bindigogi ne aka shigo da su cikin buhu. Da matar maƙwabcinmu ta daina aiko mini da tuwo na san abin ya yi nisa. Ma'aikacin gwamnati kuwa, irin wannan zance ya isa a jefa shi can arewa inda mota ba ta zuwa.

Ran nan sai ga kumandan jandarma da mai unguwa, surukina na biye da su yana jan carbi. Na laɓe bakin ƙofa.

"Mushe, me ke cikin buhunan nan?" in ji Kumandan.

"Ranka ya daɗe, maganin amsa-kuwwa ne. Bari ka ji da kunnenka."

Ya kunna kaset ɗin kalangu, ya ƙure ƙara. Kumandan bai saurara ba. Ya zaro wuƙa ya farke buhun da ke sama. Ashe ɓawon gyaɗa maigidana ya fara cusawa a buhunan, bai ishe shi ba, sai ya sa aka cika sauran da ƙaiƙayin gero daga masussuka. Ƙaiƙayin ya zubo kan hular Kumandan, ya bi wuyan riga, ƙarar kalangu kuma tana ta kaɗa ƙurar cikin ɗakin da ba iska.

Manya uku suka tsaya, kowa na jiran wani ya fara susa. Mai unguwa ne ya karaya, ya jingina da bango yana goga baya. Surukina ya ajiye carbi ya kama wuya da hannu biyu. Kumandan ya daure, ya ƙame, sai kafaɗunsa ke motsi, kuma wallahi daidai da kiɗan suke tafiya.

Maigidana, da bai lura da komai ba, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji yadda sautin ke shiga jiki?"

"Ya shiga," in ji Kumandan. "Kashe abin nan."

Ni na kai masa ruwa da sabulu bayan gida, na ara masa rigar maigidana, wadda ta tsaya masa a cibiya. Da zai fita, jama'a sun cika ƙofar gida suna jiran a fito da bindigogi. Ya dube su yana susar haƙarƙari ya ce, "Ku watse. Babu jam'iyyar da za ta iya zama a ɗakin nan."

Surukina bai yi wa ɗansa magana ba sai da ƙurajen wuyansa suka baje. Aka zubar da ƙaiƙayin, aka cusa tsummokara. Bayan wata ɗaya Kumandan ya dawo da kaset ɗinsa a aljihu, amma sai da ya matsa kowane buhu kafin ya zauna.

Tun ran nan na koyi cewa in ka rufe ƙofa ka yi shiru, maƙwabta za su ƙirƙiro maka labari, kuma nasu ya fi naka tafiya. Yanzu ko kaji zan ƙara a gida, sai na leƙa katanga na faɗa.