Farin Gashin Ƙanwata

Mu tagwaye ne, ni da ƙanwata, irin masu kamar da ko maƙwabta sai sun tsaya sun duba. Ni na fara faɗowa, ita ta biyo baya kafin ungozoma ta gama da ni, kuma wannan 'yar tazarar ce ta cuce ni, domin ta mayar da ni 'yar fari. Inna mutuniyar da ce, haifaffiyar Ƙofar Kibo, ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Idan ina kusa ni ce "ke", idan ba na nan ni ce "waccan". Ƙanwata kuwa baki cike ake kiran sunanta, har da jan ƙarshe.

Sannan ga gashin. An haife ta da wani ɗan curin farin gashi a saman goshi, fari fat, wanda ko ta ɗaura ɗankwali sai ya leƙo. Duk wanda ya shigo gidanmu goshinmu yake fara dubawa. In ya ga fari sai ya washe baki ya kira ta, in bai gani ba sai ya ce, to, ɗayar ce. Tsofaffin unguwa suka ce alamar arziki ce. Ranar kitso Inna kan ware farin ta yi masa nasa layin daban, tana shafawa tana yi mata kirari, ni kuma ina gefe da rabin kai a tsefe ina jiran a gama da gimbiya. Ina jin haushi, kuma ban taɓa daina ji ba.

Da na shiga jami'a na karanta ilimin halittu, sai na samu abin da na daɗe ina nema. Malaminmu ya yi bayanin cewa a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, kuma kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafe shi kaf. Akwai masu bin sawun kwafin suna gyara, kamar yadda almajiran Baba manya suke duba wa juna rubutun allo, amma wani lokaci harafi ɗaya kan zille musu. Tagwaye irinmu daga ƙwai ɗaya suke, da rubutu ɗaya. Idan kuskuren kwafi ya faru bayan an rabu, ɗaya ce kawai za ta ɗauka, kuma yana iya hana wani ɗan gashi samun launi. Na fito daga ajin nan ina murmushi ni kaɗai har bakin titi.

Da na zo hutu, ana cin tuwo a tsakar gida, na zayyana musu komai. Na ce alamar arzikin nan da ake ta kambamawa, mai yiwuwa kuskuren kwafi ne kawai, ni ce aka rubuta daidai. Ƙanwata ta yi dariya har da ƙwarewa, ta ce ashe kuskurenta ya fi daidaina kasuwa. Inna ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce Allah ba ya kuskure, sannan ta ce da ƙanwata ta gaya wa waccan tuwonta yana hucewa.

Ƙanwata ta yi aure a Kaduna. Ni na zauna a Zariya ina koyarwa a wata sakandare ta wajen Kongo, kowace shekara ina zana wa yara igiyoyi biyu na DNA a allo, yadda suke warwarewa kowace ta sami sabuwar abokiya. Da tsufa ya kama Inna, idonta ya yi rauni, hankalinta ya fara zuwa yana dawowa, ni ce mai wanka, ni ce mai kai ta asibiti, ni ce mai dama kunu. Amma ko sallama aka yi a zaure sai ta tambaya ko ƙanwata ce ta zo. Ita kuwa sai ta bugo waya ta yi gaisuwa, Inna ta wuni tana sa mata albarka.

Ni ma shekaru ba su bar ni ba. Furfura ta fito mini, kuma don neman magana ta fara daga saman goshi. Wata ranar Asabar da hantsi na sunkuya ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa, ɗankwalina ya zame. Ta kai hannu ta taɓa wurin, ta matso da fuskarta ta duba, sai ta kira ni da sunan ƙanwata, har da jan ƙarshen nan. Na buɗe baki zan gyara mata, ta riga ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta tana shafa farin. Ban taɓa sanin cinyar Inna tana da ɗumi haka ba, don haka na fasa gyara mata.

Ta tambaye ni ko waccan ta ci abinci. Na ce ta ci.

Ta ce, "Ki riƙa kula da ita, ba ta faɗin abin da ke damunta. Ke sai na ga gashin nan nake gane ki. Waccan kuwa, tun tana rarrafe, daga motsinta na san ita ce. Kunya ce ta hana ni."

Na kwanta a nan hawaye na jiƙa mata zane, ita kuma tana ta shafa furfurata. Tun ina yarinya nake jiran wannan magana daga bakin Inna, kuma ranar da ta fito, ita ma maganar, ƙanwata aka faɗa wa.