Turmi Ba Ya Karɓar Jaje

A ƙauyen Dogon Marke, can wajen Kunci, idan an kawar da amfanin gona an zauna gindin darbejiya ana ɓarar gyaɗa, da wuya hira ta watse ba a taɓo Hashimu ɗan Nababa ba. Wannan ya ce da yanzu ƙasar nan kaf ta san shi, wancan ya ce taurin kai ne ya cinye shi. Shi kuwa in maganar ta kai kunnensa sai ya ce, "Wa ya gaya muku na yi asara da kuke mini jaje?"

Gajere ne kakkaura, wuya kamar na bijimin sa. Tun yana saurayi makaɗa suka laƙaba masa Turmi, don in ya kafa ƙafa a fagen kokawa sai dai abokin karawa ya gaji da turi. Zai bari ka kama shi, ka ja, ka murɗa, numfashinka ya fara sama-sama, sannan ya sunkuya ya ɗebe maka ƙafa. Da haka ya kayar da gwanayen Shanono, ya bi ƙauyukan Bichi ya kayar da nasu.

Labarinsa ya kai ga Alhaji Kamaruddeen, wani attajiri mai riƙe 'yan kokawa a Kano, ya aiko aka tafi da shi. Nan ma babu wanda ya ga bayansa a ƙasa. Da gasar ƙasa ta matso, Alhajin ya kira shi gefe.

"Hashimu, gurbin Kano ya cika. Amma akwai wata jiha da ke neman mai nauyinka. Za ka shiga da sunan wani ɗansu, ka ce can aka haife ka."

"Ranka ya daɗe, in na yi kaye, wa maroƙi zai kira?"

"Sunan da aka ba ka mana."

"To mai sunan ya zo ya yi kokawar."

Alhaji ya ce in ya fita ƙofar nan, ya yi sallama da fagen birni. Hashimu ya cusa bantensa da layunsa a leda ya nufi tasha. Tasi'u, abokin ɗakinsa wanda yake kayarwa kullum wajen gwaji, shi ya karɓi sunan aron. Ya je ya yi nasara, aka yi ta faɗarsa a rediyo.

Hashimu ya koma gonar mahaifinsa, ya auri Aina'u. Da damina noma, da kaka kokawa a ƙauyuka, da rani dakon buhuna a kasuwar Dawanau. A can ne wata rana ya zame daga kan tirela da buhun dawa a ka, kafaɗarsa ta dama ta goce. An ɗora, amma ba ta koma daidai ba, dole ya ajiye bante.

Masana kokawa ba bakinsu ɗaya a kansa ba. Wasu sun ce ko ya je gasar ba lallai ya kai labari ba, don a can da agogo ake yi, shi kuwa mai jiran mutum ya gaji ne. Wasu sun rantse ba su taɓa ganin ƙugu irin nasa ba. Shi amsarsa ɗaya ce: duk wanda ya taɓa kai shi ƙasa ya fito ya faɗa. Ba a samu ba.

Bara da kaka, yana masussuka da hantsi ana bugun gero, sai ga mota ta tsaya. Tasi'u ne ya fito, ya yi tumbi, shadda tana ƙyalli. Suka rungume juna, aka gaisa. Can Tasi'u ya dubi rigar Hashimu da ƙaiƙayi ya rufe, ya girgiza kai.

"Turmi, wallahi duk na tuna ka sai na ji tausayi. Ka fi ni nesa ba kusa ba, ga yadda ka ƙare. Yanzu ina da nawa 'yan wasan a birni. Taho ka riƙa koya musu, ka huta da wahalar nan."

Masu sussuka suka tsaya cak. Hashimu ya ajiye sandarsa.

"Yadda na ƙare? Tuɓe rigarka."

"Haba, mun tsufa fa."

"Tuɓe, Tasi'u. Ka zo ta'aziyya, gara ka taɓa gawar ka ji."

Mutane suka sa ihu, Tasi'u ya rasa mafita, ya tuɓe. Suka kama. Tasi'u bai manta sana'a ba, ya danna kafaɗar da ya san tana da rauni, har Hashimu ya ji duhu-duhu a idonsa. Ya cije, ya ƙi motsi. Da ya ji numfashin Tasi'u ya fara yankewa, ya sunkuya ya ɗaga shi ya shimfiɗe a kan tarin ƙaiƙayi. A wannan ɗagawar kafaɗar ta sake gocewa, kowa ya ji ƙararta.

Tasi'u na kwance yana dariya yana tari. Shi da kansa ya kai Hashimu gidan maɗori a motarsa.

Da suka dawo, Aina'u ta tarbe su a ƙofar gida tana tafa hannu. "Malam, yanzu da furfurarka? Wa zai roro mana waken?"

"Wake ba ya gudu," in ji shi, hannu a rataye, zufa na zubo masa.

Birni dai bai je ba. Ya ce wa Tasi'u mai son koyo ya san hanyar Dogon Marke. Bana samari uku suka zo, ya ce kafin su taɓa bante sai sun yi masa huɗa, don a nan ake gane ƙugu. Ɗaya ya gudu tun kafin azahar. Biyun suna nan, hannuwansu duk kanta, shi kuma yana tsaye a kan kunya yana yi musu tsawa su ƙara sunkuyawa.